Kawu da Ƙwaƙwalwar Injinsa

Kawuna direba ne, kuma bai cika yarda da mutum ba. Da motar ɗaukar kaya guda ɗaya ya yi ta ciyar da gidansa har furfura ta sauko masa gemu. Da ta fara nishi a kan hawa tana zuƙar mai, abokan aiki suka ce ya kai a sake mata saitin ƙwaƙwalwar inji da kwamfuta. In an yi daidai ta ƙara ƙarfi, in an kuskure injin ya ƙone, murhun gidansa ya huce.

Sai ya sassauta wani tiyon iska da gangan, ya ɗauke ni muka shiga zagaya gareji. Na farko, mai farar riga, ko bonet bai buɗe ba ya jawo waya zai jona.

"Alhaji, yau za ta tashi sama!"

"Jirgi na kawo maka?" in ji Kawu, ya ja motarsa.

A wani lungu muka sami wani gajere mai tabarau. Ya kasa kunne, ya shafa injin, ya ce, "Baba, tana shan iska ta gefe. Ba na taɓa ƙwaƙwalwar mota marar lafiya. A gyara tukuna."

Kawu ya ɗaure tiyon da hannunsa, ya miƙa makulli, amma bai tafi ba. Ya jawo benci gaban motar ya zauna, ya raɗa mini, "Ɗana, gaskiyar wannan ta yi yawa. Sa masa ido ta can, ni ta nan."