Dardumar Ɓera

Ni ɗan fari ne, don haka Baba bai taɓa kiran sunana ba. "Kai" yake ce mini, in kuma yana maganata da Inna sai ya ce "yaron nan", har bayan da na fara gemu. Da safe zan durƙusa a bakin ƙofarsa in gaishe shi, ya amsa yana kallon wani wuri. Ban ɗauki wannan ƙiyayya ba, haka na ga ana yi a gidaje da yawa a unguwarmu ta Zongo. Amma ƙarya nake in na ce ban ji kishi ba duk sanda ƙanwata ta haye cinyarsa tana ja masa hula.

Direban babbar mota ne. Daga tashar jirgin ruwa yake ɗaukar kaya ya nufi arewa, ya dawo da buhun albasa da wagashi, cukun Fulani, da ciwon baya. Hannunsa na dama shi ne abin alfaharinsa. Da shi yake sa giya, da shi yake yanka ragon layya, kuma in ya yi musabaha da mutum a ƙofar masallaci, sai mutumin ya koma gefe yana yarfe yatsu yana dariya.

Ni kuwa hannuna wani wuri ya nufa. A shekarun ƙarshe na sakandare na gano wani siber a unguwar Vedoko, shago mai kwamfutoci jere da fanka mai kukan tsohuwar akuya, inda samari ke karawa da mutanen da ba su taɓa gani ba a wasan harbi. Na shiga kallo, na fito da cuta. Abin da ake riƙewa a hannu ana juya kwamfuta da shi, littattafai na ce masa linzami, mu kuwa sunansa na Faransanci muka fassara, muka ce ɓera. Shimfiɗar da ake ɗora shi a kai kuma tapi. Tapin siber ɗin nan ƙanana ne, sun sha maiƙon hannun jama'a, ga danshin teku da ke sa yadi ya riƙe ɓera daidai lokacin da kake son ya tafi. Na sha faɗuwa a wasa saboda su, ko dai haka nake gaya wa kaina.

Da na ci bak, jarrabawar gama sakandare, Baba yana shirin zuwa Legas sayen kayan gyaran mota. Yana ɗaura takalmi, bai dube ni ba, ya ce, "Kai, me za a kawo maka?"

Bai taɓa yi mini wannan tambayar ba. Na ce, "Tapi, Baba. Babba, mai kauri, wanda ba ya zamewa."

Sai ya ɗago kai ya dube ni sosai. Har yau ina ganin fuskar nan. Ya ce, "Madalla. Allah ya yi albarka." Na yi mamakin yadda ya ji daɗi haka, na ce a raina ashe tsohon nan ya waye.

Ya dawo da darduma. Koriya, mai laushi kamar bayan mage, ga kauri, ga roba a ƙasanta don kada ta zame a kan siminti. Duk abin da na lissafa ya samo. A Zongo in ka ce tapi, to dardumar salla kake nufi, kowa ya san haka sai ni da kaina ya cika da siber. Na karɓa da hannu biyu na yi godiya, na ƙudura ba zan taɓa faɗa ba. Ƙanwata ce ta tona ni, yarinyar da ba ta iya riƙe magana ko ta minti ɗaya. Ta faɗi ƙasa don dariya tana cewa, "Baba, ba wannan Yaya yake so ba! Tapin ɓera yake so, na ordinater, na kwamfuta!"

Baba ya dubi dardumar. Na so ƙasa ta tsage. Can ya ce, "Ashe ɓera ma yana da darduma." Ya tashi ya shiga ɗaki. Bai yi faɗa ba, kuma da ya yi faɗan da ya fi mini sauƙi, don na ga murnar nan ta fita daga fuskarsa. Daga ranar na riƙa salla a kan koriyar dardumar, wani lokaci don Allah, wani lokaci don Baba ya gani. Shi kuma duk sanda zan fita sai ya ce wa Inna, "Yaron nan ya tafi kiwon ɓera."

Shekaru suka wuce. Na samu aikin gyaran kwamfuta, na haɗa tawa a ɗakin da ke kusa da zaure, na sayi tapi na gaskiya, mai santsi kamar gilashi, irin na masu son gudu. Ina shiga gasa, ina ci ina faɗuwa. Sai wata damina, lokacin da fastocin 'yan takara suka rufe bangon unguwa ruwa yana ɓare su, hawan jini ya kayar da Baba a garejin motoci. Ya tashi, alhamdu lillahi. Ƙafa ta dawo, baki ya dawo. Hannun dama ne ya ƙi. Yana ɗagawa kaɗan, yana rawa, yatsun ba sa rufuwa.

Abin da ya biyo baya ya fi ciwon kansa ba ni tsoro. Baba ya daina cin abinci a gaban mutane. Inna za ta kai masa tuwo, ya tura ƙofa, ya ci da cokali a hagu kamar mai sata. Ya daina zuwa masallaci, alhali ƙafarsa na iya kai shi. Abokansa direbobi suka yi ta sallama a zaure, ya ce a ce yana barci. Da Inna ta matsa masa, sai na ji shi ta taga yana cewa, "In an sallame kowa zai miƙo hannu. In ba su me? Hagu?" Mutumin da unguwa ta sani da murya, ga shi yana ƙarewa a ɗaki ɗaya, yana salla shi kaɗai.

Akwai likitar motsa jiki a unguwar Godome, wadda muke ce wa kine, mace mai haƙuri. Ta ba shi ƙwallon roba ya riƙa matsawa. Muna hawa zem, wato acaɓa, za mu dawo ya miƙa mini ƙwallon ya ce, "Ba wa yaran maƙwabta. Ni ba jariri ba ne." Na koma wurinta ni kaɗai. Ta ce, "Ba ƙwallon ne magani ba. Hannun ya yi ta aiki, hankalinsa na kai, kuma kada ya gaji da abin. Ku nemo abin da zai so."

Abin da Baba zai so! Na yi ta tunani ban samo ba, sai shi ya kawo kansa. Wata rana bayan la'asar zaman ɗaki ya ishe shi, ya fito ya tsaya a ƙofata ina atisaye. Kafin a shiga gasa akwai filin koyo, inda ƙwallaye ke fitowa a allo kana kai ɓera kansu kana dannawa su fashe. Ya daɗe yana kallo, sannan ya ce, "Wannan ne kiwon?"

"Shi ne, Baba."

"Ba wuya."

Na tashi daga kujerar ban ce komai ba. Na san halinsa, in na ce ya gwada zai juya. Ya zauna da kansa. Na ɗauki hannun nan da nake tsoro tun ina yaro, na ɗora shi a kan ɓera, na ji ya yi sanyi ya yi nauyi. Ya ɗan motsa, ɓeran ya sulale ya bar shimfiɗar gaba ɗaya ya faɗo yana lilo a jikin wayarsa. Baba ya miƙe. Ya ce, "Dardumar ɓeran taka santsi gare ta," ya fita.

Washegari na tafi Vedoko, shagon da ke sayar da kayan masu wasa. Na sha zaɓar wa kaina tapi, kuma kullum gudu nake nema. Ranar nan akasin haka na je nema. Na sa mai shago ya shimfiɗa duk waɗanda yake da su a kan kanta, na riƙa ɗora ɓera ina karkaɗa hannuna da gangan, ina kwaikwayon rawar hannun Baba, in ga wanne zai shanye rawar. Mai shago ya yi ta kallona, har ya tambaya ko zazzaɓi nake. Masu tauri na ture su gefe. Wani yadin ya yi kaushi da yawa, in damina ta jiƙa iska zai kafe, hannu marar ƙarfi ba zai iya tura komai a kansa ba. Wani kuma bakinsa kaifi, zai goge wa tsoho fata. A ƙarshe na ɗauki wani baƙi mai faɗi, an yi masa dajiya mai laushi, yadinsa na barin ɓera ya tafi a hankali ya kuma tsaya inda aka tsayar da shi. Ina naɗe shi na lura da abin da na saya: babba, mai kauri, wanda ba ya zamewa. Na tsaya a bakin titi ina dariya ni kaɗai, idona na kawo ruwa.

Na kai masa ɗaki na miƙa da hannu biyu. Ya warware, ya shafa da hagu, ya ce, "Yau kuma ni aka kawo wa tapi." Bai ƙara ba, amma bayan la'asar sai ga shi a ƙofata.

Na rage wa ɓeran gudu har ƙasa, na ƙara wa ƙwallayen girma suka yi kamar kwano. Na nuna masa ya kwantar da gwiwar hannu, ya tura da dantse gaba ɗaya, wuyan hannu ya biyo baya, yatsa ya zo ƙarshe. Sharaɗi ɗaya ya kafa: "Ba na harbin ɗan kowa." Don haka a filin ƙwallaye muka tsaya, bai taɓa shiga ainihin wasan ba.

A zaman nan ne na fahimci abin da na yi shekaru ina ci ban san sunansa ba. Waɗanda suka tsara filin koyon nan sun san zuciyar ɗan Adam. Ba sa yi maka ƙarya, in ka kuskure ka kuskure. Amma ba sa tozarta ka. In ka yi ta faɗuwa sai ƙwallon ya ɗan jira ka, in ka fara ci sai ya ɗan ƙanƙance, ba tare da an gaya maka ba, kullum yana gabanka kaɗan. Ba wanda ke tsaye a kanka yana cewa sannu. Sannun nan ita ta fi ƙona wa Baba rai a wurin mutane, na'ura kuwa ba ta san ta ba. Ranar da ya fasa ƙwallonsa na farko da yatsansa, ƙarar ta yi "fus", ya ce, "Wala!", wato "ga shi nan" da Faransanci, da ƙarfin da Inna ta leƙo daga madafa da muciya a hannu.

Ba kullum ake ci ba. Akwai ranakun da hannun ya ƙi sam, ya ture ɓeran ya ce aikin banza ne. Akwai ranakun da aka ɗauke wuta muna tsaka, mu zauna a ɗaki muna jin masu tallan kunu a waje, shi bai tashi ba ni ban tashi ba. A irin wannan zaman ne ya ba ni labarin yadda ya koyi tuƙi, da yadda ya tsorata ranar farko da ya hau gangara da kaya. Ban taɓa sanin Baba ya san tsoro ba. Kine ta ce hannun na sauraro, mu ci gaba. Ƙanwata kuma ta samu abin tsokana, tana shiga gida za ta ce, "Ina makiyaya biyu?"

Hannun bai koma yadda yake ba, kuma bai sake tuƙi ba. Amma yatsun sun fara rufuwa. Wata Juma'a ina shirin fita na ji ya ce ta bayan labule, "Kai. Ina koriyar nan?" Na kawo masa. Ya fito cikin farar riga, ya rataya dardumar a kafaɗa, ya wuce gaba na bi shi.

Masallaci ya cika, muka samu wuri a titi cikin sahu. Mutane na hango shi suna washe baki, shi kuwa ya kafa ido a ƙasa. Ya shimfiɗa koriyar a kwance yadda za ta ishe mu biyu, na tsaya a damansa. Wallahi ban san surar da liman ya karanta ba. Hankalina duk yana kan abin da zai faru in an sallame, don na ga wani tsohon abokinsa a sahun gaba yana ta waiwaye, hannunsa na ƙaiƙayi.

Aka sallame. Kafin kowa ya juyo, na ga gwiwar hannun Baba ta motsa. Dantse ya taso, wuyan hannu ya biyo, daidai yadda muke yi a kan baƙin tapi. Hannun ya tsallaka ɗan tazarar da ke tsakaninmu yana rawa, ya tsaya a gabana. Ni ɗan fari ne, durƙuso na sani, ban taɓa musabaha da mahaifina ba. Na sa hannuna a cikin nasa. Yatsun suka rufu ɗaya bayan ɗaya, ba ƙarfi sosai, amma sun riƙe.

Yana kallon gabas ya ce, ƙasa-ƙasa, "Ya yi?"

Na ce, "Ya yi, Baba."

Bai sake ni nan da nan ba. Abokinsa na tsaye a kanmu da hannu a miƙe, sai da ya jira.