Dolores da Gurbin "Sauransu"

Ƙarfe bakwai na safe Dolores Yurkanin take isa ofishin magajin gari, ta dire kofin gahawa, ta buɗe saƙonnin da jama'a suka turo ta waya. Hukuma ce ta ce kowa ya faɗi abin da ya gani: ramin titi, fitilar da ta mutu, sharar da aka bari. Kowanne da gurbinsa. Wanda bai dace da ko'ina ba sai a jefa shi "Sauransu", kuma shekara goma sha tara babu mai leƙawa can sai ita.

Can ne mu masu shirme muke taruwa. Ni ma na taɓa rubuta cewa hankaki sun daina sauka kan rufin cocinmu. Ta amsa mini.

Bara waccan, Edna Pavlik ta titin Birch ta rubuta cewa ƙofar ɗakin girkinta ta ƙi rufuwa. Maƙwabcinta ya ce ƙwai na gangarowa daga teburinsa. Wani kuma karensa ya ƙi sauka ɗakin ƙarƙashin gida. Dolores ta kasa zaune ta kasa tsaye. Ta ɗauko taswira, kowane saƙo ta soka masa allura. Tara suka jeru ɗoɗar, bisa tsohon ramin kwal da kakanninmu suka haƙa aka manta.

Ta tare injiniyan gari, Walt Dombroski, a matakala, ta nuna masa taswirar, ta ce ƙasa na lotsawa a titin.

"Haba Dolly! Ƙwai? In tashi mutanen titi guda saboda karin kumallon wani?"

"Walt, tun muna aji uku kake kwafar amsata. Kwafi wannan ma. Ɗauko ma'auninka."

"In babu komai fa?"

"Sai ka shelanta wa gari na ruɗe."

Ya je ya auna, ya dawo babu dariya. Gida goma sha ɗaya aka kwashe. Bayan mako uku ƙasa ta haɗiye barandar Edna har da kujerar lilo, ko kyanwa ba ta rutsa da ita ba.

Ke ce kunnen garin nan, Dolores. Juma'a za ki ajiye aiki, an ce na'ura za ta riƙa tace saƙonni, ni kam hankalina ya ƙi kwanciya. Mun gode, Allah ya saka. Wanda zai gaji kujerarki ya karanta har ƙasa. Mu kuma mu yi ta rubutawa, ko da za a yi mana dariya. Edna tana nan da ranta, kullum sai ta kushe sabon gidanta.