Sista Uwani ta Ɗakin Bakwaini

Ranar Laraba da hantsi, ina duba masu awon ciki a ƙaramin asibitin da nake aiki a bayan Ɗambatta, babbar 'yar Sista Uwani ta kira ni ta ce Allah Ya yi wa mahaifiyarta rasuwa. Innalillahi wa inna ilaihi raji'un. Ta ce ciwon ƙirjin da ta daɗe tana fama da shi ne ya tashi bayan sallar asuba, kafin a samu mota rai ya yi halinsa. Na nemi kujera na zauna, matan da ke layi suna kallona, har wata dattijuwa ta miƙo mini ruwa.

Sista Uwani ita ce shugabar ma'aikatan jinya a ɗakin jarirai bakwaini na asibitin da aka fara tura ni bayan na gama makaranta. 'Yar wani ƙauye ce kusa da Watari, mahaifinta manomin albasa, kuma har ta bar aiki bakinta bai daina zancen noman rani ba. Na je wajenta a shekarun nan masu wuya da abinci ya yi tsada, wuta ba ta zama, man janareto kuma sai an yi da gaske. Kwalaben da ake sa jarirai guda huɗu ne, biyu kaɗai ke aiki. Idan wuta ta ɗauke, takan sa iyaye mata su kwance riga ta ɗaura musu jariran a ƙirji, fata da fata, ta lulluɓe su da zane.

Abin da ta fara koya mini shi ne duba ciki. Tana da tef ɗin tela a aljihu, kullum da safe sai ta auna cikin kowane jariri ta rubuta. Tana buɗe ƙunzugu ta duba kashi da kyau, ba ta yamutsa fuska. Ta bayyana mini cewa hanjin bakwaini bai nuna ba, akwai cutar da ke kama shi ya kumbura, har wani sashe ya ruɓe ya huje. Alamunta kumburin ciki, aman kore, jini a kashi, da jariri ya yi lakwas. Takan ce: "Jaririn nan ba shi da ƙarfin kuka. Cikinsa ne bakinsa, ki koyi sauraro."

A lokacin al'ada ce a fara wa kowane bakwaini allurar kashe ƙwayoyin cuta tun ranar haihuwa, a kuma ci gaba har sati ɗaya ko biyu, don tsoro. Ita ba ta ƙi a fara ba. Amma idan kwana uku suka cika, jariri yana lafiya, gwajin jini bai nuna komai ba, sai ta ɗauki takardar ta tsaya gaban likita da ladabi ta tambaye shi ko har yanzu akwai dalilin ci gaba. Na ga wani matashin likita ya fusata, ya ce ba ita ke rubuta magani ba. Ta amsa masa cewa haka ne, shi ya sa ta kawo masa takardar. Bayan kwana biyu na tarar da su a kan benci ɗaya, tana yi masa bayani cewa a cikin hanji akwai ƙwayoyi masu amfani da ke tsare jariri, allurar kuma ba ta bambanta su da masu cutarwa. Daga baya shi da kansa yake neman ta kafin ya fara zagaye.

A shekarata ta uku da ita na haifi 'yata Safiya da wata bakwai. Duk abin da na koya ya gudu daga kaina. Da aka tsayar mata da allura a kwana na uku, na riƙe hannun Sista ina roƙon a ƙara ko da kwana biyu ne. Ta ce da ni a hankali: "Rabi, yau ke uwa ce, ba ma'aikaciya ba. Je ki tatso mini nono, shi ne maganin da take buƙata."

Nonon ya ƙi zuwa sosai. Ina tatsa ina kuka, abin da ke fita bai cika cokali biyu ba. Sista ta riƙa kawo mini kunun kanwa da rama daga gidanta, a shekarar da kowa ke lallaɓa abin da ke rumbunsa. Duk da haka raina bai kwanta ba. Wata rana da ta je taro a Kano, na dama madarar gwangwani na zuba wa Safiya ta robar hancin da ake ciyar da ita, ban gaya wa kowa ba. Na sake yi washegari.

Da safen kwana na goma sha biyu Sista ta auna cikin yarinyar, ta sake aunawa, ta ja abin da ke cikin robar ya fito kore. Ban taɓa ganin ta yi sauri kamar ranar ba. Matar da ta shekara tana hana allura ita ce ta kira likita da gudu, aka tsayar da ciyarwa gaba ɗaya, aka sa ƙarin ruwa, aka fara allurai masu ƙarfi kafin azahar. Ɗaya daga cikinsu babu ita a asibitin, ta tura mijina Kano a kan babur ya nemo. Likita ya ce idan hanjin ya huje sai an kai ta birni a yi aiki, kuma bai ɓoye mana cewa da wuya ta jure tafiyar ba.

A ranar na faɗa mata abin da na yi. Na zaci za ta yi mini faɗa a gaban mutane, don tana da zafi a kan aiki. Sai ta ce: "Na ga waɗanda suka sha nonon uwa zalla cutar ta kama su. Ba zan ce miki madarar ba ta da hannu ba, ba kuma zan ce ita ce ba. Tsoro ne ya sa ki. Ci gaba da tatsa, za ta buƙace shi." Likita kaɗai ta gaya wa, don ya san abin da yake magani.

Kwana goma Safiya ba ta sa komai a ciki ba. A na huɗu kumburin ya fara sauka. A na goma sha ɗaya Sista ta ɗiga mata nonona da hannunta, 'yan ɗigo kaɗan, muka zauna muna jira mu ga ko zai zauna. Ya zauna. Yau Safiya tana aji uku a firamare, ita ke ɗebo mini ruwa.

Ba duka aka ceto ba. Akwai ɗan wani manomi daga wajen Tofa da cutar ta yi wa sauri a cikin yini ɗaya. Sista ce ta naɗe shi da kanta, ta fita ta durƙusa gaban uban ta yi masa bayani dalla-dalla, ba ta bar shi ya koma gida yana zargin matarsa ba. Na ga mutumin ranar jana'izar Sista. Shi da bai koma da ɗa ba, yana sahun gaba cikin masu ɗaukar makara.

Ya Allah, Ka jiƙan baiwarKa Uwani, Ka gafarta mata kurakuranta, Ka yalwata kabarinta, Ka sa wahalar da ta sha a kan 'ya'yan mutane ta zama nauyi a mizaninta. Allah Ya ba mai gidanta Malam Sani da 'ya'yanta biyar haƙurin rashinta, Ya raya jikokinta bisa imani. Mu da ta koya wa aiki, Allah Ya ba mu ikon riƙe amanar yadda ta riƙe. Idan tamu ta zo, Ya sa mu cika da kyau da imani, amin.