Keken Ɗinkin da Ya Wuce Ni Sau Biyu

Har gobe ba zan manta da ranar da aka aike ni in kai wa wata keken ɗinki ba. Ina aiki a wani shagon atamfa a kasuwar Wuse. Ku sababbin ma'aikata, ga tsarin: duk shekara kafin azumi Hajiya mai shagon takan ware wani kaso na riba, ta sayi keke ta bai wa mace ɗaya mabuƙaciya. Mu ma'aikata ba ma ciki. Sannan dokar shago ce da safe mu sa atamfar da ake talla, in an tashi mu tuɓe mu ninke.

Ni kuwa na iya ɗinki, keken ne babu. Kullum a bas daga Kubwa shi nake saƙawa a raina.

A shekarar aka zaɓi wata bazawara a ƙauyen Paikon Kore, Maman Ladi. Muna sauke keken ta dube ni sama da ƙasa cikin atamfar shago, ta durƙusa: "Madam, Allah ya ƙara arziki." Ni ce madam! Ko zare ba ta iya sakawa ba, ni na saka mata. Ban ce ba ta cancanta ba. Ƙyashi dai na yi, kuma ban ɓoye ba.

Ina dawowa na tsaya gaban Hajiya.

"Hajiya, mu fa? Talaucin sai na ƙauye?"

"Ke Maryam, kin taɓa ganin talaka da wannan shigar?"

"Ai kayanki ne. Bari a tashi ki ga nawa."

Da yamma na fito mata sanye da koɗaɗɗiyar rigata da silifas. Ta daɗe tana kallona.

Shekara na zagayowa ta ce ma'aikata ma sun shiga. Har na share wa keke wuri a ɗakinmu. Sai aka bai wa Rukayya, abokiyar aikina, wadda ba ta taɓa buɗe baki ba. Wai ita mai haƙuri ce. Ni ce ma na taya ta ɗauka zuwa tasha.

Abin da na koya ke nan: masu kasuwa suna da kyauta, wallahi suna da ita, amma sun fi son talakan da ya yi shiru. Ke ki yi magana, wata ta samu. Har yau in wuyan riga ya gagari Rukayya, ni take kira.