Yawon da Na Sha a Kano da Baƙin Dutsen Gonarmu

Ƙarfe biyar da kwata, ana idar da sallar asuba, na bar ƙauyenmu na ƙasar Tudun Wada da baƙin dutse cikin buhun taki. Yayana Sale ne ya haƙo shi a gonarmu ta gado yana neman kuza. Ga nauyi, ga ƙyalli, ga 'yan ramuka kamar soso. Yaya ya rantse arziki ne, ya ce bana ba shuka, haƙa za a yi. Na roƙe shi ya bari in kai Kano a duba, domin damina ta kawo jiki, kuma gonar nan ce tuwon mutum goma sha huɗu. Kwana biyu ya ba ni.

A wani shinge ɗan sanda ya ɗaga buhun ya dire. "Malam, duwatsu sun ƙare a Kano ne?" Ko murmushi ban iya ba. Tara da rabi muka sauka tashar Na'ibawa a Kano.

Bompai

Awa guda A Daidaita Sahu tana kutsawa da ni tsakanin tireloli kafin mu kai wani sito da ake sayen ma'adinai. Maigadi ya shanya ni a rana har azahar. Da mai awo ya fito, ya kara maganaɗisu, dutsen ya ɗan kama. Ya goga shi a gindin farantin tangaran, ya taɓe baki.

"Ba kuza ba ce. Ni ban san shi ba. Gwada Sharaɗa."

Sharaɗa

Na isa wani kamfanin tayil ƙarfe huɗu, mai gwada musu duwatsu ya riga ya tashi aiki. Na ci garau-garau a tsaye ina kallon hadari yana haɗowa. Na kira Yaya sau biyar, ba sabis. A ɗakin wani ɗan garinmu mai dako na kwana, kafaɗata kamar ba tawa ba.

Da safe mai gwajin ya ɗiga wa dutsen ruwan batir, bai yi kumfa ba. Ya ce, "Wannan ya taɓa shan wuta. Je ka Challawa wurin masu narka ƙarfe."

Challawa

Warin majema ne ya tare ni tun daga titi. Wallahi na gaji da dutsen, na gaji da kaina. Aka nuna min Baba Haruna, wani dattijo mutumin Damagaram da ya tsufa a bakin murhun narka ƙarfe.

"Baba, ku taimaka ku duba min wannan."

Guduma ɗaya ya ba dutsen ya fashe, ya leƙa cikinsa. Sai ya ja ni bayan kamfaninsu, ya nuna min tsibin irinsa, ya fi ɗakina tsawo, awaki suna hawa.

"Kashin maƙera ne, ɗana. Abin da ke saura in an narka tama an cire ƙarfe. Kakanninku maƙera ne?"

"Haka ake faɗa, Baba, amma mu ko guduma ba mu gada ba."

"To, jujinsu kuka tono. Mu nan roƙo muke a kwashe."

Gida

Da la'asar na sauka. Ruwa ya zuba jiya, kowa yana gona yana shuka. Tamu kuwa ramuka ne har tsakiya, jar ƙasa ta binne baƙa. Yaya bai jira ba. Na same shi cikin rami iya wuya, ya ɗago kai yana haki.

"Me suka ce?"

Na faɗa masa. Ya ajiye digarsa, sannan ya ce, "Miƙo hannu in fito."

Na gode wa Allah da ya dawo da ni lafiya, na gode wa Baba Haruna da bai yi min dariya ba. Rabin gona muka shuka bana.