Malam Tambaya, Wanda Ya Bar Tumatirinsa Ya Ruɓe

Kullum da hantsi Malam Tambaya kan jingine kekensa a gindin mangwaro, ya buɗe ofishin ƙungiyar manoman rani ta Bunkure, ya tayar da janareta. Adireshin imel ɗaya gare mu duk ƙauyukan nan, shi ke riƙe da shi. Duk mai ɗa a nesa wurinsa yake zuwa a karanta masa saƙo.

Cikin masu zuwa har da Iyatu, wadda ɗanta Fatihu ya tafi karatu Sudan, Allah ya yi masa rasuwa a can. Saƙonninsa da hotonsa suna cikin tsohuwar kwamfutar ofis, babu su ko'ina sai nan. Duk ranar kasuwa takan zo a sake karanta mata.

Bara da rani aka kawo sabuwar kwamfuta, aka ce da la'asar za a tafi da tsohuwar. Ranar ce kuma motar 'yan gwari ta zo ɗaukar tumatir, na Malam ya nuna jajir.

Taubashinsa Sammani ya leƙo ta taga. "Kai, mijin akwati! Bana da imel za a yi maka miya?"

"Je ka, ina tafe," in ji Malam.

Bai tafo ba. Filashinsa na kwafar bayanai ƙarami ne, sai ya riƙa ɗiba daga tsohuwar kwamfutar yana juyewa a sabuwar kamar mai ban ruwa da ƙwarya. Ya kwashe saƙonni da adireshin mutane, ya saita imel ɗin a sabuwar, ya gwada har ya tabbatar. Ko da ya isa gona, mota ta tashi. Kafin wata ta zo tumatirin ya narke.

Mu kuwa dariya muka yi masa. Ko sannu ƙungiya ba ta ce ba.

Ranar kasuwa Iyatu ta tsaya a ƙofa tana kallon baƙuwar kwamfuta, ta kasa shiga.

"Malam, sun tafi da shi ko?"

"Shigo, Inna, yana nan."

Ya buɗe ya karanta mata: "Inna, ina gaishe ki. Ki rage shiga ruwan shinkafa saboda ƙafarki."

Yanzu idon Malam ya yi rauni, ƙarshen wata zai ajiye aiki. Malam, kai ne ka bar naka ya lalace don na wata ya tsira. Godiyarmu ta makara, amma ka karɓa. Allah ya saka maka da alheri, ya ba ka lafiyar ido.

Wanda zai gaji kujerar nan kuma, ya sani ranar kasuwa wata tsohuwa za ta tsaya a ƙofa. Ya ce mata ta shigo.