Ranar da Na Shafa wa Goge Mai

Kwana biyu bayan saukowar alhazai daga Mina a shekarar 1949, ina 'yar shekara tara, na zauna da hantsi a tsakar gidanmu na unguwar Tandabawi da gogen Baba a cinyata. Na gama sharar gida, na jera tulunan ruwa, ƙawayena suna can bakin ƙofa suna carafke. Sai na ga izgar gogen ta yi fari fat, ta bushe kamar gashin tsohuwa. Na ɗauko man kwakwar da Umma ke yi mini kitso da shi, na shafa wa izgar jikin gogen da ta bakansa har suka yi sheƙi. Na mayar da shi ƙusa ina jin na yi abin kirki.

Baba ya yi suna da kamanja, gogen nan mai tsirkiya huɗu da ake kaɗa waƙoƙin Hijaz da shi. A lokacin ba a yarda da kiɗa a fili ba, sai a bayan ƙofa, duk da haka manyan gidaje kan aiko masa. Rana ɗaya ya saka ta a akwati ya rufe. Ya ce yana son kiɗan da kakarsa ke rerawa kafin su baro Gobir, kuma da irin gogen da aka saba kaɗa shi da shi tun farko. Ya nemi ƙwarya da fatar guza wajen mahajjata, ya jira izgar doki shekara guda kafin ta iso daga Sudan, sannan ya haɗa gogen. Abokansa suka riƙa tsokanarsa, "Ya sheikh, ka bar jirgi ka koma jaki?"

Wanda ya san kiɗan shi ne Baffa Tanko, tsohon makaɗin goge da ya zo aikin hajji ya sauka a gidanmu. Hannunsa na rawa, ba ya iya kaɗawa, muryar ma ta dushe. Sai dai Baba ya goga, shi kuma ya daki gwiwarsa in Baba ya kauce. Ranar da na shafa man sun kai rabin kiɗan, kuma kwana biyu suka rage wa Baffa ya tafi Jidda.

Bayan la'asar aka rufe ƙofa, Baba ya ja baka. Babu sauti, sai wani huci. Ya shinshina yatsunsa, ya dube ni. Ashe farin nan ƙaro ne da ake gogawa don izga ta kama. Bai daka mini tsawa ba, "Ya binti, 'yata, kawo toka" kawai ya ce. Muka wanke, muka shanya, muka sake wankewa, man ya riga ya shige. A rana ta ƙarshe Baba ya buɗe akwatin kamanja ya gwada da ita. Baffa ya saurara ya girgiza kai. "Ɗana, wannan Larabci take yi." Da safe ya hau mota, ni ce na miƙa masa butarsa. Ban yi kuka ba, ban ji komai ba, ƙafafun mutane kawai nake kallo.

Yau rediyo na tashi a kowane shago, babu mai rufe ƙofa. Baba yana nan, ya samu sabuwar izga tun tuni, yakan kaɗa kiɗan har inda suka tsaya, ya ɗaga baka ya ajiye. Na girma ina jin rabin, kuma shirun da ke biye da shi nawa ne.